Rubuta kiɗa a takarda: sana'a ce da za ta riƙe mutum, ko sha'awa ce kawai?

Auwalu, daga wani ƙauye kusa da Ringim:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da masana a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun bara. Ni malamin firamare ne, shekarata 27. Kakana na wajen uba makaɗin gangar noma ne da ake kira duk inda aka yi gayya a yankinmu, amma mahaifina bai gaje shi ba, ya kama fataucin hatsi, gangar kuwa tana rataye a zaure har fatarta ta tsage. Shekara uku da suka wuce na sayi tsohuwar fiyano a Kano, ina koyo da dare idan batirin sola ya samu caji.

A waya na fara cin karo da irin kiɗan da ake rubutawa a takarda kafin a kaɗa shi, wanda Turawa ke kira kilasika, kuma wanda ya fi kama ni shi ne na mutanen zamaninmu. Na ji wani kiɗa na Hamza El Din, mutumin Nubiya ta ƙasar Masar, wanda masu gogen Turawa huɗu na Kronos Quartet suka kaɗa a faifansu na 1992. An gina shi a kan juyawar na'urar ɗebo ruwa da shanu ke ja a bakin kogin Nilu, ni kuwa da na rufe ido sai na ji kukan jigo a fadamarmu da rani. Tun daga ranar na duƙufa koyon baƙaƙen kiɗa a kan layukan nan biyar, har na rubuta wani abu na minti huɗu da manhajar MuseScore a kwamfutar abokina, na gina shi a kan taken noman da kakana yake kaɗawa. Kwamfuta tana kaɗa mini shi, amma babu ɗan Adam ko ɗaya da ya taɓa kaɗa shi.

Tambayata ita ce, shin akwai wanda yake ci ya sha da wannan aiki a Najeriya, a ina ake koyonsa yadda ya kamata, kuma ya dace in ajiye koyarwa in bi shi?

Baba Sajan mai ritaya, daga ƙasar Wudil:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekara 31 ina busa a badujalar soja, saboda haka zan fara da tambayarka ta ƙarshe: kada ka saki reshe ka kama ganye. Riƙe allinka tukuna.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne cewa kwamfuta ce kaɗai ta kaɗa abin da ka rubuta. Kwamfuta ba ta numfashi, ba ta da yatsa, leɓenta ba ya gajiya, don haka duk abin da ka ɗora mata za ta ɗauka ba musu. Ina saurayi na taɓa jin wani mai algaita a hawan salla, zaren busarsa ya shiga raina, na koma bariki na rubuta shi ga masu kilarinet, wani abin busa na Turawa, kamar yadda na ji shi. Na manta cewa mai algaita yana cika kumatunsa da iska, yana shaƙa ta hanci yayin da kumatun ke tura iskar cikin algaitar, shi ya sa busarsa ba ta yankewa. Ranar gwaji yaran suka fara da ƙarfinsu, kafin a kai rabin shafi idanunsu sun firfito, jijiyoyin wuya sun tashi, ɗaya bayan ɗaya suka sauke kilarinet suna haki, sauran 'yan badujala kuma suka fashe da dariya. Da na raba zaren tsakanin mutum biyu, wannan ya karɓa kafin wancan ya saki, sai ga algaitar ta fito. Akwai kuma abin da takarda ba za ta gaya maka ba sai an nuna maka: kilarinet ɗin da muka fi amfani da ita, idan ka rubuta mata sauti, abin da ke fitowa yana ƙasa da wanda ka rubuta da mataki guda, haka ma kakakin Turawa. Wanda bai san wannan ba zai kawo takarda a kaɗa masa hargitsi.

A Arewa, mutanen da ke karanta takardar kiɗa kullum su ne 'yan badujalar soja da na 'yan sanda, sai wasu coci-coci. Ka je Kano ko Dutse ka nemi ɗaya daga cikinsu, ka gaishe shi da girmamawa, ka roƙe shi ya busa maka layi takwas kacal. Za ka koyi abin da wata shida a gaban kwamfuta ba za su koya maka ba. Sojan ƙasa suna da makarantar kiɗa a Ojo ta Legas, na ruwa suna da tasu a Ota, amma wanda ya shiga nan soja ne kafin ya zama makaɗi, kuma fareti ake buƙata daga gare shi.

Malam Isiyaku, ɗan ƙasar Birnin Kudu, mai koyar da kiɗa a Abuja:

Ƙanena Auwalu, na goyi bayan Baba Sajan, kuma zan yi maganar kuɗi dalla-dalla domin ita ce aka fi ɓoye wa matasa. Ko a ƙasashen da wannan kiɗa ya yi jijiya, kaɗan ne ƙwarai suke rayuwa da rubuta shi kaɗai. Philip Glass na Amurka ya yi aikin famfo da tuƙin tasi a birnin Niyok har shekarunsa suka haura 40, kuma bayan an nuna babban aikinsa a 1976 a ɗaya daga cikin manyan zaurukan birnin, tasin ya koma yana tuƙawa saboda bashin da wasan ya bari. Charles Ives kafin shi dillalin inshora ne, da dare da ranakun hutu yake rubutu.

Namu na gida ma haka abin yake. Fela Sowande, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1987, ya yi kiɗan jaz da kiɗan ogan na coci a Landan, ya yi aiki a gidan rediyon Najeriya, ya ƙare da koyarwa a jami'o'in Amurka. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, farfesa ne a Jami'ar Pittsburgh. Ka lura kuma da inda suka fito. Sowande da Ayo Bankole duk sun tashi ne a ƙungiyar mawaƙan babban cocin Angilika na Legas, inda yaro yake karanta takardar kiɗa tun bai kai shekara goma ba, kuma akwai mutanen da za su rera abin da ya rubuta ranar Lahadi. Wannan ne dalilin da ya sa sunayen da ake ji a fannin galibi daga Kudu suke. Bahaushe yana da kunne, abin da ya rasa shi ne wurin da takarda take haɗuwa da makaɗa kowane mako.

Kuɗi yana shigowa ne ta koyarwa, wadda ita ce ke biyan haya, da aikin jinga, wato a ce ka rubuta kiɗa na minti kaza domin biki kaza a biya ka, da tallafi ko gasa daga cibiyoyin waje, sai ladan mallaka idan an kaɗa aikinka a rediyo ko a taro, wanda ni dai ban taɓa samun abin da ya kai kuɗin mota daga gare shi ba. Game da jinga ina da tabo. Wata makarantar kuɗi ta sa ni na rubuta mata taken makaranta da muryoyi huɗu, na yi mako uku a kai, na koya wa yara, aka rera a gaban iyaye ana tafi, har yau rabin kuɗin ina binsu saboda da baki muka yi magana. Tun daga nan ba na ɗora alƙalami sai an rubuta yarjejeniya an ba da kafin alƙalami.

Wajen karatu, sashen kiɗa na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka shi ne na farko a ƙasar nan, tun 1961, akwai kuma a Ife. Cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, wadda ƙungiyarta ta kafu a 1983, tana da difloma ta shekara biyu da gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibanta, amma sai an gwada hannunka da saninka na ƙa'idoji kafin a ɗauke ka. Abin da za ka iya farawa daga ƙauye shi ne shirin jarrabawar kiɗa ta ABRSM ta Ingila, mai mataki 1 zuwa 8. Ka sa mataki na 5 na ƙa'idojin kiɗa a gabanka, domin shi ne ake yawan tambaya.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe: digirin digirgir na Euba a kan gangar dundun ta Yarbawa ya yi shi, 'yar'uwar kalangunmu, kuma a kan irin wannan sani ya gina ra'ayinsa na sa fiyano ta yi magana kamar ganga. Marubucin kiɗa Steve Reich sai da ya baro Amurka ya zo Gana a 1970 domin ya koyi abin da kakanka ya iya tun yana yaro. Taken noman nan da ka gada shi ne jarinka, kuma babu wani a Landan ko Balin da yake da shi.

Malama Binta, malamar Hausa, daga ƙasar Gumel:

Malam Isiyaku ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ban yarda a kira take jari a tsaya nan ba, kamar wani buhun gero ne da za a ɗauka a kai kasuwa. Take yana da mai shi. An kaɗa shi ne domin wani manomi ko wani gida, kuma waɗanda suka san shi suna jin kalmomi a cikinsa. Idan Malam Auwalu zai ɗauki na kakansa, wannan gadonsa ne, amma ranar da zai je wurin wani dattijo mai kukuma ko mai gurmi ya naɗi kiɗansa, ya kamata ya nemi izini, ya sallame shi, ya kuma rubuta sunansa a saman takarda. Makaɗan ƙasar nan, irin su marigayi Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, sun bar abin da ya isa a yi shekaru ana nazari, kuma iyalansu suna nan.

Idan kuma zai sa waƙa a kan kiɗan, ya tuna cewa Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya ne, saukar murya a gaɓa ta biyu ce ta raba su, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Mai rubutu da ya bi daɗin zaren Turawa ya ɗaga murya inda harshe ya sauke ta zai sa mawaƙi ya faɗi abin da ba a nufa ba. Ga kuma gaɓa mai nauyi da marar nauyi, wadda a kanta ma'aunin waƙarmu ya tsaya. Shata da Narambaɗa ba su rubuta komai a takarda ba, amma da wuya ka kama su da karya kalma.

Sai maganar gida, wadda maza suka tsallake. Mahaifinka yana da dalilin da ya sa ya bar ganga a rataye. A karkararmu har yanzu ana haɗa kiɗa da roƙo, ana duba shi wajen neman aure, malamai kuma sun yi saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa. Ka zauna da shi tun yanzu ka nuna masa takardun da hannunka, kada ya fara ji a bakin mutane a kasuwa.

Nura, daga ƙasar Dawakin Tofa, mai aiki a sutudiyo a Kano:

Yaya Auwalu, ni ban yi karatun kiɗa ba, amma na ga ba a ambaci finafinanmu ba. A Zoo Road waƙa ake biya, kiɗan da ke bin bayan fim kuwa sau da yawa tsinto shi ake yi daga wani wuri. Yanzu da shirye-shirye masu dogon zango suka yawaita a YouTube da Arewa24, wanda zai iya shirya kiɗan tausayi ko na fargaba da kukuma da sarewa na gaske yana da abin sayarwa. Kuɗin ba shi da yawa, kuma darakta ne zai yanke maka tsawonsa, amma za ka ji aikinka a kunnen jama'a cikin wata guda.

Auwalu:

Allah ya saka muku da alheri, Baba Sajan da Malam Isiyaku da Malama da ɗan'uwa Nura. Koyarwa tana nan ban ajiye ba. Na nuna wa mahaifina takardun, ya daɗe yana juya su bai ce komai ba, daga baya ya tambaye ni ko wannan zanen zai iya riƙe taken babansa, na ce ina ƙoƙari, sai ya gyara mini wani wuri da yatsunsa a kan gwiwa, ashe shekara da shekaru yana ɗauke da shi a ka.

Ranar kasuwa na samu wani dattijo mai kukuma, na nemi izininsa kamar yadda Malama ta ce, ya yarda na naɗa. Matsalar da na tarar ita ce, sauti na uku a zarensa ba ya kan kowane maɓalli na fiyanona, yana faɗawa ne tsakanin fari da baƙin da ke kusa da shi, kuma da na kaɗa masa nawa sai ya girgiza kai ya ce ya yi tsami. Malam, yaya ake rubuta irin wannan?

Malam Isiyaku:

Kada ka matsa sautin dattijon ya koma kan maɓalli, fiyanon ce ta gaza. Masu rubutun zamani suna da alamomin rubu'in mataki, wasu kuma suna ɗora ƙaramar kibiya mai kallon sama ko ƙasa a jikin alamar, kuma duka suna cikin MuseScore idan ka buɗe jerin alamomin ɗagawa da saukewa. Ka yi bayani a shafin farko cewa kibiyar tana nufin a sauke sautin kaɗan yadda kukuma take yi, ka haɗa da muryar da ka naɗa domin mai gogen Turawa ya ji da kunnensa, tunda gogensa ba shi da matakala a wuya kuma yatsansa zai iya sauka a daidai wurin. Ɓangaren dattijon kuwa kada ka rubuta masa komai, ka nuna inda zai shiga da inda zai fita kawai. Ka turo mini layi takwas na farko kafin hutun ƙarshen zango, akwai ɗalibai biyu a ajina da za su gwada shi ranar Alhamis bayan an tashi.