Tambaya: yaya ake wanke tsofaffin kwandalolin karta a shafa musu mai ba tare da an ɓata su ba?

Bazazzagi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a birnin Reno na jihar Nevada a Amurka, kuma na daɗe ina tara tsofaffin sulalla da kan sarki na ƙasashe daban-daban. Makon jiya na halarci wani gwanjon kayan gida da magada suka shirya, inda na sayo akwatin katako cike da kwandalolin nan masu launi-launi da ake ajiyewa a kan tebur a madadin kuɗi wajen wasan karta na poker. Ina so a fahimta tun da fari cewa ni ba na caca kuma ba ita nake tallatawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙirarsu da tarihin da suke ɗauke da shi, kamar dai sauran tsofaffin kayan da nake ajiyewa.

Sun kai kusan ɗari uku. Yawancinsu akwai zanen doguwar hular Bature da sanda a kewayensu, da hoto mai sheƙi a tsakiya. Wasu kamar arba'in ba su da hoton, sai haruffa kawai masu ruwan zinare. Akwai kuma guda shida da na gani a naɗe cikin takarda a ƙasan akwatin, huɗu da sunan Dunes, biyu da sunan Sands, wato tsofaffin otal-otal masu gidajen caca na birnin Las Vegas. Dauɗar da ke jikinsu ba a magana: baƙin maiƙo ya cike lungunan zanen har hular ba ta fita sosai, idan ka ɗauki ɗaya sai biyu su biyo ta a manne, ga kuma warin taba. Na gwada wanke guda biyar da sabulu, dattin ya fita, amma da suka bushe sai suka yi furu-furu kamar ƙafar da ta sha hunturu, jajayen ma suka zama tamkar sun koɗe. Shin na ɓata su ke nan? Na kuma ji ana cewa ana shafa musu mai. Wane irin mai ne, kuma yaya ake yi? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Dattijon Gwanjo:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, ba ka ɓata su ba. Wannan furu-furun haka yake fitowa bayan wanki, domin sabulun ya ɗebe maiƙon hannuwan da suka yi shekaru suna juya su, kuma shi ne yake sa launin ya yi duhu da kyau. Amma kafin ka sake jiƙa ko da guda ɗaya, ka fara sanin abin da ke hannunka, saboda ba duka kwandaloli ne suke ɗaukar wanki iri ɗaya ba.

Hular nan da sanda alama ce da aka san kamfanin Paulson da ita, kuma nasa suna cikin waɗanda masu tarawa suke kira na yumɓu. Ba yumɓu ba ne zalla irin na tukunya. Haɗi ne na garin ma'adinai da abin da ke ɗaure shi, ana jera gutsattsarin launukan gefe da hannu, a ɗora hoton tsakiya, sannan a danne su a cikin inji da matsi mai tsanani da zafin da ya kai kimanin digiri 150 a ma'aunin Selshiyas. Faɗin kowace yakan zama milimita 39, nauyinta kuma tsakanin giram takwas da rabi zuwa goma da ɗoriya. Tun da zafi ne ya ba ta siffarta, zafi yana iya sauya mata ita, don haka ruwan zafi ko shanya a rana suna iya lanƙwasa ta, kuma kwandalar da ta lanƙwashe ba za ta ƙara zama daidai a kan 'yan'uwanta ba sai an sha wahala.

Ga yadda nake yi wa masu hoto a tsakiya. Ina zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a roba, wanda zan iya barin hannuna a ciki ba tare da na ji komai ba, in ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan. Ina sa guda goma kacal a lokaci ɗaya, su yi 'yan mintoci, ba na barin su su kwana, domin ruwa yana iya samun kafa ta bakin hoton ya shiga ƙarƙashinsa ya bar tabon da ba ya fita. Sai in ɗauko su ɗaya bayan ɗaya in bi su da buroshin goge baki mai laushi, ina kewayawa da bin zanen, sannan in riƙe goman a jere in goge gefensu gaba ɗaya. Dauɗar da ta daskare a cikin hular kuwa, tsinken sakace na itace nake sa mata, ban da allura ko wani ƙarfe. Bayan an ɗauraye da ruwa mai tsabta, sai a shimfiɗa su a kan tawul a inuwa, a juya su, a bar su su kwana.

Arba'in ɗin nan masu haruffan zinare ka ware su gefe. Wannan zinaren ɗan siririn fallen ƙarfe ne da aka buga da zazzafan hatimi, a sama kawai yake, buroshi yana iya share shi a shafa biyu ko uku. Su ba a jiƙa su. Da ƙyalle mai danshi da audugar goge kunne ake bin kewayensu, a tsallake haruffan.

Za ka ji wasu suna ba da shawarar injin nan da masu gyaran agogo da maƙeran zinare suke wanke kaya da shi, mai karkaɗa ruwa da sauti, a zuba masa wani sinadarin wanki mai ƙarfi da ake kira TSP. Lallai yana da sauri ga wanda yake da dubbai, kuma na Paulson suna jure shi na ɗan gajeren lokaci, sai dai yana dusashe wasu launuka, yana cin haruffan zinare, sannan kwandalolin kamfanin ASM da aka yi a Portland ta jihar Maine sam ba sa ɗaukarsa, jikinsu yakan zaizaye. Ɗari uku ba su kai a yi wannan kasadar ba. A guji bilic ma, da soson nan fari da ake goge bango da shi, domin shi kankara yake yi a hankali.

Maman Ilham:

Malam Bazazzagi, barka da wannan tsintuwa. Baba Dattijo ya gama magana a kan wanki, ni zan tsaya ne a kan mai, tun da a nan na taɓa yin kuskure.

Man da ake nufi shi ne farin mai marar launi marar ƙamshi da ake tacewa daga ɗanyen man fetur. A kantin magani na Amurka za ka ga an rubuta mineral oil a jikin kwalbarsa, shi ne kuma wanda ake shafa wa katakon yanka nama a kicin. Man jarirai ma shi ne asalinsa, sai dai an ƙara masa turare, shi ya sa na fi son wanda ba a haɗa shi da komai ba. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka kusanto da man girki, ko na gyaɗa ne, ko na zaitun, ko man ja, ko man kaɗanya. Waɗannan duk daga tsiro suke, kuma iska tana lalata su. Da farko kwandalar za ta yi kyau, amma bayan 'yan watanni sai man ya yi danƙo ya fara wari a cikin jikinta, inda sabulu ba ya kaiwa da sauƙi.

Yawan man shi ne inda aka fi samun matsala. Ɗigo biyu ko uku a kan ƙyallen auduga mai laushi sun isa kwandala ashirin, har ma su yi saura. Ka murza ƙyallen har man ya bazu a cikinsa, ta yadda idan ka taɓa shi ba za ka ji jiƙa ba sai ɗan santsi. Ka riƙe ashirin ɗin a jere ka fara bin gefensu, nan take za ka ga jan nan da ka ɗauka ya koɗe ya dawo, ɗige-ɗigen gefe sun fito raɗau. Daga nan sai ka bi fuskar kowace ta wajen kewaye, kana kauce wa bakin hoton tsakiya. Ka shimfiɗa su a kan tawul su yini su kwana, kashegari ka goge su da busasshen ƙyalle kafin ka jera su.

Lokacin da na fara, na ɗauka yawan mai shi ne kyau, sai na tsiyaya shi a faranti na riƙa tsoma su ciki. Bayan kwana biyu na ga wani duhu-duhu ya fara shigowa daga gefen hoton guda goma sha ɗaya, kamar yadda mai yake ratsa takardar da aka naɗe ƙosai a ciki. Har yau tabon yana nan, kuma duk lokacin da na buɗe akwatin su nake fara gani. Sauran kuma suka riƙa zamewa ba sa tsayawa a jere, suna kwasar ƙura, sai da na sake wanke su.

Idan ka ci karo da na tangaran, waɗanda aka buga zanensu a jiki baki ɗaya, ko na roba masu ƙarfe a ciki, su ba sa shan mai, shafa musu ɓata lokaci ne.

Mai Adana Tarihi:

Ina tare da abin da aka faɗa a kan ɗari ukun, amma ina da ja game da guda shidan nan, kuma ina ganin su ne ya kamata a fi damuwa da su. An rufe otal ɗin Dunes na Las Vegas a 1993 aka rushe shi a shekarar, a filinsa otal ɗin Bellagio yake yanzu. Sands kuma an rushe shi a 1996, aka gina otal ɗin Venetian a wurin. Tun 1987 dokar Nevada ta wajabta wa gidajen caca su lalata kwandalolin da suka daina amfani da su, saboda haka waɗanda suka tsira a aljihun mutane ba ƙaruwa za su yi ba. Kai da kake tara sulalla ka san cewa tsohon kwabon da aka goge har ya yi ƙyalli darajarsa raguwa take a wurin masana. A nan ra'ayi ya rabu: akwai masu tarawa da ba su ga laifin wanki mai sauƙi ba, akwai kuma waɗanda suka fi son kwandala yadda ta fito, suna ganin mai yana ɓoye lahani ga mai saye. Ni ina cikin na biyun, dalilina kuwa shi ne wanda bai wanke ba yau yana iya wankewa gobe, amma wanda ya wanke ya shafa mai ba shi da hanyar komawa baya. Ka sa kowace a cikin 'yar robar adana sulalla, ka fara bincika wace fitowa ce, domin an buga na tunawa da yawa da sunan Dunes bayan rufe shi, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne da na asali. Ƙungiyar masu tara irin waɗannan kaya, wadda aka kafa a 1988, tana taro duk shekara a Las Vegas, kuma a can za ka sami waɗanda za su gane su da kallo ɗaya.

Sai batun lafiya. A 2007 wani gidan talabijin na jihar Arizona ya sa an gwada kwandalolin Paulson aka sami dalma a cikinsu, kuma sananne ne cewa tsofaffin sun fi ɗauke da ita. Don haka kada a kankare su har su yi gari, a sa safar hannu wajen wanki, a ware musu roba da buroshinsu daban da kayan kicin, a kuma nisanta su daga yaran da ke kai komai baki.

Bazazzagi:

Na gode ƙwarai, Baba Dattijo, Maman Ilham da Malam Mai Adana Tarihi, Allah ya ƙara ilimi. Na bi shawarwarinku a ƙarshen makon nan. Na fara da biyar ɗin da suka yi furu-furu, da ɗigo ɗaya na farin man, kuma launinsu ya dawo har na ga ashe ɗige-ɗigen gefen jajayen kala biyu ne, rawaya da ruwan toka, waɗanda a da nake ɗauka duk ɗaya ne. Na wanke tamanin goma-goma, suna kan tawul a ɗakin karatu inda yara ba sa shiga. Ɗaya daga cikin masu haruffan zinare tana cikin biyar ɗin da na fara wankewa kafin in yi tambaya, kuma yanzu da na duba ta a gaban fitila na ga rabin harafi ɗaya ya tafi, don haka sauran ba zan taɓa su da buroshi ba. Shidan nan kuwa na mayar da su cikin takardarsu kafin robobin da na yi oda su iso. Baba Dattijo, akwai guda uku da na lura suna ɗan rawa idan na ajiye su a kan gilashin tebur. Shin akwai hanyar miƙar da su da ba ta da haɗari, ko in bar su haka?