OLED ko QLED don gidan kallon ƙwallo: da gaske tambarin tasha na zama a fuska?

Mai_Gidan_Kallo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Zan sayi talabijin biyu masu inci 65 don gidan kallon ƙwallo, da guda ɗaya ta falon gida. Na gidan kallo suna aiki daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa sha biyun dare, kuma kusan tasha ɗaya ce kullum. Ta gida kuwa labarai ne da finafinai da katun na yara. Mai shago yana ta yaba mini OLED, wani kuma ya ce tambarin tasha da akwatin maki za su ƙone su zauna daram a fuskar. Gaskiya ne? QLED ma haka take? An kuma nuna mini filasma ta hannu mai araha. Yawanci da inji muke aiki.

Injiniyan_Lantarki:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya gargaɗe ka bai yi ƙarya ba, amma ba kowace talabijin abin ya shafa ba.

A OLED babu fitila a bayan fuskar. Kowane ɗigo, cikin ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su yi hoto, shi ke samar da haskensa, kuma a talabijin ta 4K ɗigon sun haura miliyan 8. Sinadarin da ke haskawa yana tsufa gwargwadon aikin da ya yi. Idan hoton na canzawa, duk fuskar tana tsufa tare, ido ba ya gani. Amma akwatin maki da agogon wasa suna kusurwa ɗaya, tambarin tasha na wata kusurwar, launi ɗaya, wuri ɗaya, kullum. Ɗigon wurin sai su riga maƙwabtansu gajiya, haskensu ya ragu, a riƙa ganin inuwar tambarin ko da an sauya tasha. Mutane na cewa ta ƙone, alhali lalacewa ce ta sannu a hankali, kamar yadda tabarma ke siɗewa a inda aka fi zama.

Abin lura shi ne awannin taruwa suke yi. Kashe talabijin da dare ba ya mayar da abin da ɗigon ya rasa. Awa 8 a rana ya kai awa 2,920 a shekara. Shafin RTINGS na Kanada, mai gwajin talabijin, ya gwada wannan a 2018 da OLED samfurin LG C7 guda shida, ana kunna su awa 20 a rana. Waɗanda aka bari a kan CNN su ne tabon ya fi bayyana a kansu, musamman wadda aka ƙure wa haske, ita kuwa mai nuna shirye-shirye iri-iri ba ta sha wahala haka ba. Fuskokin yanzu sun fi na wancan lokacin juriya, amma tushen matsalar na nan.

QLED suna ne kawai ya yi kama. LCD ce mai fitilun LED a baya, da wani shafi mai gyara launi. Mini-LED ma haka. Ɗigonta ba sa samar da haske, buɗewa da rufewa kawai suke yi, don haka ba sa tsufa irin na OLED. Takan riƙe inuwar hoto na ɗan lokaci, amma tana gogewa idan aka sauya hoto ko aka kashe ta ta huta.

Don haka gidan kallo LCD za ka sa, ba na ko tantama. Ta ma fi dacewa da wasan la'asar da haske ke shigowa ta ƙofa. Filasma ta ainihi kuwa ka bar ta. Kafin ƙarshen 2014 Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta, ke nan mafi sabunta ta haura shekara goma. Tana yin tabo, tana zafi, tana kuma shan wutar da injinka zai ji a jikinsa. Sai dai ka duba lambar samfurin a bayanta, domin a kasuwa duk talabijin mai faɗi filasma ake ce mata.

Masanin_Saiti:

Na yarda da Injiniya a kan gidan kallo. Ta falo kuwa OLED ba laifi, hotonta da dare babu kamarsa, amma maganar inji da Alhaji ya yi ita ce inda ake faɗawa rami.

OLED tana gyara kanta ne bayan an kashe ta. A LG, idan aiki ya taru ya kai kamar awa 4, da ka kashe da rimot sai ta ɗauki 'yan mintuna tana auna ɗigon tana daidaita wutar da kowanne ke samu. Fuskar baƙa ce a lokacin, za ka ɗauka barci take. Idan aka kashe inji ko aka zare soket nan take, aikin bai yiwu ba. Sau ɗaya ba komai, za ta yi a karo na gaba. Idan ya zama ɗabi'ar gida, sai inuwa ta fara taruwa. Tsarin shi ne a kashe da rimot, a jira minti 15, sannan a kashe inji. Idan akwai inbata ko ƙaramin UPS, a sa talabijin a kansa, ya kuma kare ta daga tsallen wuta lokacin sauya layi.

Sai saiti. Fitar da ita daga yanayin shago da Vivid, waɗannan don jan idon mai saye aka yi su. Rage hasken OLED zuwa 50 ko 60 cikin 100, da dare ma ƙasa da haka ya isa. A LG bar Screen Move a kunne, Samsung da Sony suna kiransa Pixel Shift, shi ke ɗan gusar da hoton ba tare da ka lura ba. Akwai kuma saitin rage hasken tambari, a kai shi matakin sama idan ana yawan kallon labarai, saboda jan layin nan da ke gudana a ƙasa. Kada a bar jerin tashoshin dikoda ko wasan da aka tsayar a fuska a tafi salla ko kicin. Tsofaffin finafinai masu baƙin shinge hagu da dama su ma suna sa tsakiya ta riga gefe tsufa idan su ne abincin kullum.

Babban gyaran da ake kunnawa da hannu, Pixel Cleaning ko Panel Refresh, kada a mayar da shi na kowane mako. Sony ta ce kada ya wuce sau ɗaya a shekara. Zafi ma na hanzarta tsufan ɗigon, a bar tazarar santimita 10 a kewayenta don iska, kada rana ta riƙa dukan fuskar ta taga, balle a watan Afrilu.

Mai_Gidan_Kallo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To idan tabon ya riga ya fito, akwai magani? Na ga bidiyoyi masu walƙiyar launuka da aka ce suna gogewa.

Bakanike_Mai_Gyara:

Ranka ya daɗe, bidiyon nan inuwar wucin gadi kawai suke korewa, wadda da ma za ta tafi da kanta. Idan an yi babban gyara sau ɗaya, an yi kwana biyu ana kallon abubuwa daban-daban tabon na nan, to ya zauna. Sai canza fuska gaba ɗaya, kuɗinta kuma ya kusa na sabuwar talabijin. Garantin yawancin kamfanoni ba ya ɗaukar wannan, ka sa mai shago ya nuna maka a rubuce kafin ka biya.

Ina da ƙari a kan LCD, kada a ɗauka ita ba ta da ciwo. Nata ciwon fitilun baya ne. A gidajen kallo ana ƙure hasken baya a 100, ɗaki ga zafi ga jama'a. Fitilun jere suke a layi ɗaya, idan ɗaya ta mutu takan kashe layin duka, ko talabijin ta yi ta magana babu hoto. Haska tocila kusa da fuskar, idan ka hango hoto dishi-dishi, fitilu ne. Kafin nan takan nuna alama: launin shuɗi ko shunayya ya rufe hoto, ko farin tabo zagayayye inda murfin wata fitila ya ɓalle. Wannan ana gyarawa, ana canza layukan. Sauke hasken baya zuwa 70, ka sa fanka ta riƙa kaɗa bayanta, ka zaɓi mai fitilu a duk bayan fuska maimakon siririya mai fitilu a gefe, domin zafin wannan a wuri ɗaya yake taruwa.

Duk wadda za ka saya ta hannu, je da filas mai hotuna huɗu masu cika fuska: toka-toka, ja, shunayya da fari. Rage hasken shagon, ka tsaya mita ɗaya, ka duba kusurwoyi huɗu da ƙasan fuskar. Tabon OLED ya fi fitowa a ja da shunayya, ko da ba a ganinsa a hoton talla da suke kunnawa. Idan mai kaya ya ƙi a sa filas ɗin, ka wuce shago na gaba.