Aikin bincike ga 'yan sakandare: ƙungiya-ƙungiya ko kowa da nasa?

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum malamai. Ina son ba 'yan babbar sakandare aikin bincike a lissafin ƙirgaggun abubuwa, irin su zanen ɗigo da layi, jerawa da zaɓe. Yaran sun haura 40, ba mu da ɗakin kwamfuta, kuma saura mako 6 a shiga jarabawa. In raba su ƙungiya-ƙungiya ne ko kowa ya kama nasa? Ni zan zaɓa musu batu ko su? Maki nawa zai ɗauka? Wanda ya taɓa yi ya ba ni haske don Allah.

Mai Alli: Wa alaikumus salam. Malama, ki sa su rubuta dabarar masanin kwamfuta Dijkstra da yaren kwamfuta na Python, wadda ya wallafa a 1959 don gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu. Yara na son ta sosai.

Malamar Lissafi: Malam, na ce fa ba mu da kwamfuta.

Tsohon Malami: 'Yata, fara da gadojin Konigsbag, garin da yanzu ake kira Kaliningrad a Rasha. Gada 7 ne suka haɗa yanki 4, ana neman a bi kowace sau ɗaya tak. A 1736 masanin lissafi Euler ya nuna ba zai yiwu ba, domin yawan gadojin da suka taɓa kowane yanki mara ne, ba cika ba. In irin waɗannan wuraren suka wuce biyu, babu hanya. Ki sa su zana hanyoyin cikin makarantarku su gwada. Mutum uku-uku, mako 3, maki 10 ya ishe su.

Wanda Ya Gani: Baba, ka yi haƙuri, ƙungiya dai kada ta kuskura. Na taɓa ba wasu yara tsara jadawalin jarabawa da launi: kowane darasi ɗigo ne, in akwai ɗalibin da ke ɗaukar darussa biyu sai a ja layi tsakaninsu, ɗigo biyu masu layi ba sa ɗaukar launi ɗaya, yawan launin shi ne yawan zaman jarabawa. Wata yarinya shiru-shiru ita ta yi komai. Na ga littafinta, shafin har ya huje saboda gogewa, ta bi aji-aji tana tambayar wa ke ɗaukar me. Sauran ba abin da suka kawo sai tarihin matsalar launi huɗu (ko launi huɗu sun isa a fente kowace taswira ba tare da maƙwabta sun yi launi ɗaya ba) da suka kwafo a waya, daga Guthrie a 1852 zuwa Appel da Haken a 1976, ko karantawa ba su yi ba. Ranar gabatarwa mai bakin cikinsu ya karɓe allo, aka yi ta tafa masa. Da na rage musu maki, uban ɗaya ya zo ya tayar da ƙura, shugaban makaranta ya ce aikin ƙungiya makinsa ɗaya ne, in gyara. Yarinyar nan ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba har ta fita. Har yau abin yana ci mini rai.

Uwar Aji: Allah sarki. Wallahi ko'ina haka ake yi wa masu shiru.

Dakta: Mako 3 ba bincike ba ne, aikin gida ne. Zango guda ake so, maki 30 aƙalla. Kuma a ba su tambayar da ba a san amsarta ba, kamar ta Collatz ta 1937: lamba in cika ce a raba biyu, in mara ce a ninka uku a ƙara ɗaya, in aka yi ta maimaitawa, shin kullum ana dawowa 1? Su gwada 27, sai an yi taki 111.

Wanda Ya Gani: Dakta, ranka ya daɗe, yaushe rabonka da tsayawa gaban yara 40 da alli a hannu? Ku a jami'a tatattu ake kawo muku.

Dakta: Mu ke karɓar waɗanda kuka yaye, kuma muna ganin yadda suke zuwa, ba su iya kare hujja ko ta layi biyu ba.

Tsohon Malami: Ku sassauta. Dakta, yaron da aka ba abin da manya suka kasa, zai cika littafi da lambobi ne kawai, ba zai ɗanɗani daɗin cewa "na tabbatar" ba.

Ɗan Baya: Malama, ba su Hasumiyar Hanoi mai faifai 64, wasan nan mai sanda uku da ake kwashe tulin faifai daga wata sanda zuwa wata, ɗaya-ɗaya, ba a ɗora babba kan ƙarami. In suna motsa ɗaya a daƙiƙa, sai bayan shekara sama da biliyan 500 za su kawo miki aikin, kin huta 😂

Uwar Aji: Wasa yake, amma batun mai kyau ne. Da murfin kwalba ma ana yi. Faifai 3 motsi 7, faifai 4 motsi 15, su da kansu za su hango cewa ninkawa ake yi a ƙara ɗaya. Ni bibbiyu nake haɗa su, kowa da littafinsa da nake sa wa hannu duk mako, sannan in kira kowa shi kaɗai ya yi mini bayani da baki. Wanda ya kwafo daga ChatGPT tambaya ɗaya ke tona shi. Maki 20, rabi na bayanin baki.

Malamar Lissafi: Na gode Anti. To amma a wane lokaci kike kiran nasu ɗaya-ɗaya? Ni darasi huɗu gare ni a mako.

Mai Alli: Huɗu? Kin more. Mu an yanke mana ɗaya an ba atisayen bikin yaye ɗalibai, ga manhaja ko rabi ba mu ci ba.

Wanda Ya Gani: Ai nan gizo ke saƙa. Duk taron da ya taso, lokacin lissafi ake ci. Sakamako ya fito ba kyau, kai za a fara kira ofis. Wa ma ke tsara jadawalin nan a makarantunku? Mu ko tuntuɓarmu ba a yi, sai dai ka zo ka tarar an manna a bango.