Matasanmu na zuwa nazari, amma ba sa fita hidima

Salama, 'yan'uwa. Ni ke jagorantar ajin almajiranci na matasa a ikilisiyarmu. Ran Laraba wurin nazarin Littafi Mai Tsarki benci cike yake, amma in aka ce a je duba marasa lafiya a asibiti, mutum biyu ko uku ke fitowa. Na mayar da ziyarar ran Lahadi bayan sujada, har kuɗin mota na biya daga aljihuna, shiru. Da na karanta musu Yakubu 2:17, inda aka ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, wani ya buɗe mini Afisawa 2:8-9, wai ceto ta wurin alheri ne. Aya ta 10 kuwa, wadda ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka, ya tsallake ta.

Yaya zan koya musu hidima ba tare da sun ɗauka ina cewa ayyuka ne ke ceto ba?