Ina zan tura labarina? Shawarwari daga zauren marubutan Zamfara da Kebbi

Ummu Hanifa, Gusau: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na kammala gajeren labari kan wata mata da rashin tsaro ya raba da ƙauyensu, ta dawo Gusau tana tuyar awara a bakin tasha. Ina son in shigar da shi gasa ko in ba wata mujalla. Jiya na ga sanarwa a Facebook, wai a biya kuɗin rajista, su kuma su sa labarin cikin mujallar da za su ƙaddamar. Don Allah ku ba ni shawara.

Malam, Gwandu: Wa alaikumus salam. 'Yata, riƙe kuɗinki tukuna. Ki tambaye su sunayen alƙalansu, da inda ofishinsu yake, sannan su nuna miki fitowar mujallar ta baya. In suka fara kame-kame, ki rabu da su. Gasannin da ake ji da su a rubutun Hausa ba sa karɓar ko sisi daga hannun marubuci.

Maman Sadik, Birnin Kebbi: Ƙanwata, gasar Hikayata ta BBC Hausa ce ta dace da irin labarin nan. Tun 2016 ake yin ta, kuma don mata aka faro ta. Kalmomi 1,000 zuwa 1,500 suke nema, kuma sai labarin da ba a taɓa fitarwa a ko'ina ba. Ko mutum bai zo cikin ukun farko ba, akwai labaran da ake zaɓa a karanta a rediyo. Ki yi tunanin gwaggonki a Tsafe ta kunna rediyo ta ji an ambaci sunanki. Amma ki jira sanarwar shekarar daga shafinsu ki karanta ƙa'idojin da kanki, don sukan sabunta su.

Ummu Hanifa: Na gode Anti. Nawa ya haura kalmomi dubu biyu. Kuma ƙawata ta ce in fara sa shi a Facebook in ji ra'ayin mutane.

Maman Sadik: A'a, kar ki sa! Da kin ɗora shi a Facebook ko wani zauren WhatsApp, ya zama wallafaffe ke nan a wurin alƙalai. Ki ba mutum biyu da kika yarda da su su karanta a ɓoye. Batun tsawo kuwa, duba farkon labarin. Yawancinmu sai mun cinye shafi guda muna kwatanta fitowar rana da kukan zakara kafin labari ya tashi. Fara daga inda matar ta aza kasko a wuta.

Abban Khalil, Talata Mafara: Ni damuwata karin harshe. Na taɓa tura labari wata gasa, aka maido min da shi wai Hausata ba daidaitacciya ba ce, saboda munka da sunka. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, domin da ita aka raine ni, da ita uwata ke yi min addu'a.

Malam, Gwandu: Abban Khalil, na san wannan ciwon. Ga yadda nake gaya wa ɗalibaina. Muryar mai ba da labari ta tafi a daidaitacciyar Hausa, don mai karatu a Zariya da Damagaram da Kumasi ya bi ka ba tuntuɓe. Amma idan tauraro ya buɗe baki, a bar shi da harshensa. Matar da ke cikin labarin Ummu Hanifa, in tana faɗa wa maƙwabciya yadda suka baro gida, cewa za ta yi, “Da munka taho ba mu ɗauko komi ba sai ɗiyan nan.” Ka mayar da wannan Kananci, ka raba matar da garinsu karo na biyu. Alƙalin da ya san aikinsa zai gane da gangan aka yi. Abin da ke kayar da mu shi ne sakaci: a rubuta zata a maimakon za ta, a haɗe ba ta ta koma bata, a watsar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Gboard, allon rubutu na waya, na da Hausa, a sa shi a waya.

Abban Khalil: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Zan koma kan nawa da wannan ido.

Baban Zara, Kaura Namoda: Masu dogon labari su sa ido kan gasar marubuta Hausa ta Gusau Institute. Cibiyar a Kaduna take, Janar Aliyu Mohammed Gusau ne ya kafa ta. Wanda kuma ke da mai fassara masa zuwa Turanci, gasar gajerun labarai ta Commonwealth kyauta ce, kalmomi 2,000 zuwa 5,000, ana buɗewa 1 ga Satumba a rufe 1 ga Nuwamba.

Hajiya, Argungu: Ina jin daɗin ganin yaranmu mata na wannan tambaya. Ummu Hanifa, kina da abin koyi a garinku. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta daɗe zaune a Gusau, har ta taɓa neman kujerar gwamnan Zamfara. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ce ta fito da littafinta So Aljannar Duniya, aka buga shi a 1980. Ƙagaggun labaran Hausa na boko ma ai da gasa suka kafu, wadda Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933. Saboda haka shiga gasa hanya ce da manya suka bi, kada ki ji nauyin tura naki.

Ɗan Yauri: Iyaye, ni ma a taimaka min. Mu ɗalibai ne, muna tattara waƙoƙi da labarai don fitar da 'yar mujallarmu. Ya za mu yi da ƙaddamarwa?

Baban Zara: Ku nemi lambar ISSN, wato lambar rajistar mujalla, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa kafin ku kai maɗaba'a. Kuma kada ku gina lissafinku kan alƙawarin ranar ƙaddamarwa. Na sha ganin an kama zaure, an yi rumfuna, babban baƙo ya ambaci kuɗi an yi tafi, bayan wata shida edita na yawon bin bashi, fitowa ta biyu kuwa shiru. Ku buga kwafin da aljihunku zai ɗauka, ku ware kuɗin fitowa ta biyu tun yanzu, sannan duk wanda kuka buga rubutunsa ku ba shi kwafinsa kyauta.

Hajiya, Argungu: In za ku iya, ku sa taron ranar 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, mutane na cikin shauƙin abin. Ku gayyaci 'yan reshen jiha na ANA, ƙungiyar marubuta ta Najeriya, su karanta wani abu.

Ɗan Yauri: Mun gode. A sanarwarmu za mu rubuta ƙarara cewa ba a biyan komai.

Ummu Hanifa: Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, in na rage shi zan iya turo maka ka duba min ƙa'idojin rubutu?

Malam, Gwandu: Ki fara ba Maman Sadik ta duba zubin labarin, sannan ki turo min ta akwatina kafin Juma'a. Ki bar maganganun matar yadda kika ji su a tasha.