Kumburin ƙafa a wata na bakwai

Amarya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Cikina na fari ya shiga wata na bakwai, kuma kullum da yamma ƙafafuna suna kumbura har silifas ba ya shiga. Wannan al'adar ciki ce, ko kuwa abin tsoro ne?

Ungozoma, Kawo:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, sannan mahaifa tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya, shi ya sa ruwa ke taruwa a idon sawu, musamman lokacin zafi. Ki riƙa ɗora ƙafafunki a kan matashi, kina kwanciya ta gefen hagu. Amma idan fuska da hannaye suka kumbura farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani ya zo tare da dishi-dishin gani, ki tafi asibiti a ranar, domin hawan jini na 140/90 zuwa sama yana iya kaiwa ga jijjiga.

Uwargida, Unguwar Rimi:
'Yata, kada ki rage shan ruwa saboda kumburin, kuma kada ki fasa zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je aƙalla sau 8. Allah Ya sauke ki lafiya.