Szpajza ta ƙi daskarewa da agar, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Katowice, yankin Silesiya a ƙasar Poland. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta koya mini szpajza, kayan zaƙin da suke ci bayan abincin ranar Lahadi da lokacin biki. Ana kaɗa gwaiduwar ƙwai da sukari, a kaɗa farin daban har ya yi kumfa, a zuba ruwan lemon tsami, sannan jelatin ya riƙe komai.

To, jelatin ɗin shagunan nan galibi na alade ne, shi ya sa na koma agar, wani gari da ake samu daga ciyawar teku da ke daskarar da abu kamar jelatin. Sau uku ke nan ina asarar ƙwai. Ina tafasa agar a ruwa, ina zuba shi cikin kumfar sai ya yi gudaji, ƙasan kofi kuma ruwa tsululu. Na gane yana daskarewa tun da ɗuminsa, wajen digiri 40, ƙwan kuwa daga firji na ɗauko. Da na zuba shi da zafi, kumfar ta kwanta.

Shin in fara haɗa shi da gwaiduwar ne kafin farin? Kuma giram nawa ake sa wa ƙwai 4?